Sun kashe Oga Usaini a hanyar Kwandere

Yau da safe labarin ya same ni. Ina zaune a ƙofar ɗaki, ƙafata a cikin bokitin ruwan ƙanƙara, sai waya ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin mutanen da muke gudun motsa jiki tare ne. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Ticha, ka zo asibiti. An sari Oga Usaini."

Na ce su wa? Na jiyo kukan mace a bayansa, jikina ya ba ni cewa abin ya wuce sara.

Kafin in sami keke Napep in isa, an riga an lulluɓe shi.

Yanzun nan muka dawo daga maƙabarta. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi haƙuri.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Alhaji Usaini ɗan kasuwar doya ne a nan garin Lafiya. Shi ya haɗa gurup ɗinmu na masu gudu da sassafe. Mu ba 'yan wasa ba ne. Malaman makaranta ne, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan ofis masu tumbi waɗanda likita ya tsorata. Musulmi su idar da sallar asuba, mu Kirista mu jira su a bakin titi, sai mu kama hanyar Kwandere. Kowa Oga yake ce masa.

Ni hawan jini ne ya fito da ni. Likita ya ce in motsa jiki, ni kuma na ɗauki abin da zafi. Kullum gudu, ba hutu, da wani tsohon kanbas da gindinsa ya cinye. Ƙwaurina ya fara ciwo, na shiga kemis na sayi maganin kashe zafi. In haɗiya, in fita. Da ya daina yi mini aiki, na ƙara yawansa.

A haka ya gan ni wata safiya, na tsaya a gefen titi ina ɓare ƙwaya da haƙori. Ban san shi ba a lokacin. Ya tsaya, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in nuna masa inda yake yi mini ciwo da yatsa ɗaya. Na nuna. Ya durƙusa ya danna wurin da babban yatsansa.

Saura kaɗan in kwaɗa masa mari. Sai da na ga wuta a idona.

Ya ce ciwon da yake yawo a jiki, wanda yake lafawa in jini ya ɗumama, wannan ana iya tafiya da shi a hankali. Amma wanda ya zauna wuri guda, kana iya nuna shi da yatsa, kana gudu yana ƙaruwa, wannan ƙashi ne yake kuka, kuma ƙwaya toshe masa baki kawai take yi. Ya karɓe maganin daga hannuna ya jefa a kwata. Ya ce in je a ɗauki hoton ƙafar, in kuma ga likitan gashin ƙashi, kada ya sake ganina a titi sai an ba ni izini.

Na hasala. Na ce shi wane ne da zai gaya mini yadda ciwo yake?

Ya naɗe wandonsa na hagu zuwa gwiwa.

Ban taɓa ganin ƙafa irin wannan a jikin mai rai ba. Naman sharaɓarsa kamar an yanke rabi an yar. Tabo ya taso daga bayan gwiwa ya gangaro har kusa da diddige, da sawun ɗinki a karkace.

Sai daga baya, da muka saba, ya ba ni labarin. Shekarun baya ne, suna hanyar Awe za su sayo kaya, 'yan fashi suka tare motarsu. Aka fito da su aka kwantar a kan kwalta. Direban ya ɗaga kai, suka harbe shi nan take, jininsa ya jiƙa wa Oga Usaini riga. Shi kuma ya yunƙura zai tashi, ɗaya ya kai masa sara da adda a ƙafa, ya ƙara, ya kuma ƙara. Ya ce yana jin ƙarar ƙarfe a kan ƙashinsa kamar ana faskare. Da ƙyar aka hana a yanke ƙafar. Aka ce masa shi da sanda har abada.

Ya ce ba saran ne ya fi wahalar da shi ba, ƙwayar kashe zafi ce. Ya saba da ita har in bai sha ba sai ya riƙa fasa kwanuka yana yi wa iyalinsa tsawa. Ranar da ya ga 'yarsa ta ɓuya a bayan ƙofa don ta ji takunsa, ranar ya bari. Ya fara da tafiya daga ƙofar gida zuwa masallaci, yana cizon leɓe. Daga nan zuwa bakin kasuwa. A hankali, a hankali, har ya yar da sandar, har ya fara sassarfa.

Ciwon bai taɓa barinsa ba. Da damina ma ya fi. Da ɗingishi yake gudu, ko ba ka waiwaya ba ka san shi ne a bayanka, don ƙafa ɗaya tana takawa, ɗaya tana jan ƙasa.

Kuma kullum a baya yake. Ba don ba zai iya wuce wasunmu ba. Duk wanda ya fi kowa rauni a ranar, shi ne abokin tafiyarsa.

A but ɗin motarsa akwai kula cike da ledojin fiya wata da ya daskarar a firiza, da bandeji, da man zafi. In ka gurɗe, kafin ka gama ihu ya ɗaure maka ƙafar ya ɗora ƙanƙara. In abin ya fi ƙarfin ƙanƙara ba ya wasa, shi da kansa zai kai ka asibiti.

Da azumi ba ya gudu. Amma zai zo ya faka a inda muke juyowa, ya tsaya yana miƙa mana ruwa, mu da ba ma azumi, bakinsa a bushe.

Ba wai mai sanyin hali ba ne, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da faɗa. Ya taɓa korar wani babban ma'aikaci gida a gaban kowa, don ya zo da gwiwa a kumbure yana cewa ba komai. Mutumin ya yi fushi ya fita daga gurup. Bayan an yi masa aiki a gwiwar, Oga Usaini ne ya fara zuwa duba shi, da doya a bayan mota.

Ganina na ƙarshe da shi a farkon makon nan ne. Ciwon ƙwaurina ya dawo, na ɓoye, amma ya gane daga tafiyata. Da yamma sai ga shi a gidana. Ya gaisa da matata, ya sha ruwa, ya yi wasa da yara. Da zai tafi ya sunkuya a bakin ƙofa ya ɗauki kanbas ɗina na ƙafar dama, guda ɗaya, ya saka a leda. Ya ce sai likita ya sallame ni zai dawo mini da shi. Har yanzu yana cikin but ɗinsa.

Na ce ai shi ma ba lafiya gare shi ba. Gaskiya ne, agararsa ta tsohuwar ƙafar ta motsa, an hana shi gudu, an ce tafiya kawai. Ya yi dariya ya ce shi ai yana jin magana, ba kamar malaman makaranta ba.

Ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Ticha, titin nan ba inda za shi. Zauna ka warke, za ka same ni a baya inda ka saba ganina."

Shi ke nan abin da ya ce mini.

Abin da ya faru yau, daga bakin Dooshima na ji. Dooshima 'yar gurup ɗinmu ce, tana aiki a wani shagon ɗinki, ba ta daɗe da fara fitowa ba. Ta yi targaɗe a idon sawu kwanakin baya, yau ne ta fara dawowa, kuma Oga ya ce ba gudu, tafiya za ta yi tare da shi. Sauran suka yi gaba har suka ɓace musu.

Sun wuce gidajen ƙarshe, wajen da gonakin rogo suka fara, gari bai gama wayewa ba, sai ga samari uku a kan mashin. Suka sha gabansu. Ɗaya da adda, ɗaya da wuƙa. Suka ce waya.

Ta ba da tata. Shi ma ya miƙa tasa, har da makullin mota, yana ce musu su ɗauka su tafi, ba wanda zai bi su.

Da sun tafi a nan, da yanzu labarin waya muke yi.

Mai wuƙar ya kama rigar Dooshima ya fara janta zuwa cikin rogo. Ta turje, ya mare ta har ta faɗi, ya kama gashinta ya ci gaba da ja. Ta ce ba ta san lokacin da Oga ya iso ba, ta dai ji an saki gashinta, ta ɗago ta ga ya shaƙe yaron ta baya, sun zube ƙasa tare.

Ya ce mata ta gudu. Ta ce masa ƙafarta.

Ya ce, "Yau ki taka ta, ko za ta karye. Gudu."

Ta gudu. Da ta waiga sau ɗaya, ta ga mai addar ya ɗaga hannu sama ya sauke. Ba ta sake waigawa ba. Tana gudu tana ihu har wasu manoma masu tafiya gona suka tare ta, aka kira sauran 'yan gurup suka juyo.

A bakin gona suka same shi. An sare shi a ka da kafaɗa, an soke shi a haƙarƙari. Tafin hannunsa duka biyu a yanke, don kaifin addar ya riƙa kamawa. Kuma sun sari ƙafar nan, ita dai wannan ta hagun, don ya saki wanda ya riƙe. Waɗanda suka ɗauke shi sun ce da guntun rigar yaron a dunƙule a hannunsa.

Yana numfashi lokacin da aka sa shi a keke. Kafin a kai ƙofar asibiti ya cika.

Na buɗe zanen na gan shi. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Na fito waje na tarar mai keken yana wanke kujerarsa da bokiti, jan ruwa yana gangarawa kwata, yana wankewa yana kuka.

A nan ne abu ya so ya lalace. Wasu daga cikinmu suka ga wani ɗan acaɓa da jini a hannun riga, suka yi kansa, aka fizgo shi daga mashin, wani har ya ɗauko dutse, wani yana kiran a kawo fetur. Ashe bawan Allah yana cikin waɗanda suka taimaka aka ɗauko Oga daga bakin gona. Yayan Oga Usaini, dattijo, shi ya faɗa a kan yaron ya rufe shi da jikinsa, ya ce duk mai son jifa ya fara da shi, gawa ɗaya ta ishe su yau.

Ni ma zuciyata tafasa take yi, ba zan ɓoye ba. Ina so a kama su. An kai rahoto wurin 'yan sanda, duk wanda ya ga wani abu a hanyar nan da safen nan, don Allah ya je ya faɗa.

Kuma na ga abin da wasu suka fara rubutawa. Ku bari. Ba faɗan ƙabila ba ne, ba na addini ba ne. Ɓarayi ne suka so lalata yarinya, wani uba ya hana su. Kada ku ɗauki jininsa ku kunna mana wuta a gari.

Dooshima tana kwance. Hoto ya nuna ƙashin idon sawun ya tsage, an sa mata filasta. Ba ta damu da ƙafar ba. Duk wanda ya shigo sai ta tambaye shi ko da ta tsaya da bai mutu ba. Na ce mata da ta tsaya, da ya mutu a banza.

Bayan jana'iza na shiga yi wa Hajiya, matarsa, ta'aziyya. Ba ta yi dogon magana ba. Ta ce kullum in ya dawo daga titi takan gasa masa ƙafar da ruwan zafi kafin ya tafi kasuwa. Yau ma ta dafa ta zuba a filas, ta ajiye tawul a kan kujera. Ta ce an yi ta shiga ana fita, ta kasa cewa kowa ya zubar.

Allah ya jiƙan Alhaji Usaini, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya hutar da shi daga ciwon da ya ɗauka shekara da shekaru bai ɗora wa kowa ba. Ya ba Hajiya da yara haƙuri, ya ba Dooshima lafiyar ƙafa da ta zuciya, ya tona asirin waɗanda suka yi wannan aiki.

Kai da kake karantawa, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, kada ka wuce haka nan. 'Yan'uwa Musulmi, ku tuna da shi in kun ɗaga hannu bayan salla. Mu kuma mu kai sunan iyalinsa da na Dooshima gaban Ubangiji ranar Lahadi. Sunansa Usaini. Ku ambace shi da suna.