Shanun da ke jikin dutsen bayan gida

Shekarar da aka kai ni gidan miji, a wani ƙauye kusa da Ƙarfi, surukata ta daina cin tuwona. In na kai mata kwano sai ta ce in ajiye, da safe in tarar da shi yadda na rufe shi. Kowa kuwa ya san in uwar miji ta ƙi abincinki, zamanki a gidan ya kusa ƙarewa.

Dutse ne ya jawo. A bayan gidan akwai wani falalen dutse da muke shanya kuɓewa da barkono, a gefensa kuma wani ƙaton dutse ya ranƙwafo ya yi inuwa. Ran da na fake a wurin saboda rana, na ɗaga kai sai ga shanu a jikin dutsen, an zana su da wani abu ja, ƙahoninsu zara-zara, wasu sun kusa gogewa. A sakandare na taɓa ganin irinsa a littafi, hoton duwatsun Kudancin Amurka, da wasu dabbobi kamar raƙuma marasa tozo a jere, mutum yana jan su. Malaminmu ya ce a hanyar fataken can na da aka zana su. Tun daga ranar, in na je shanya sai in daɗe ina kallo.

Ashe ni ma kallona ake yi. Ga shi har lokacin ban samu ciki ba. Matan gida suka ce wurin na iskoki ne, amarya kuma da abin da take nema.

Wata rana da hantsi ina tsaye a inuwar, na ji gyaran murya a bayana. Inna ce, surukata, tana haki.

"Me suke ce miki?"

"Su wa, Inna?"

"Waɗanda kike zuwa gayarwa. Ko barkonon ne ba ya bushewa sai da gadi?"

Na durƙusa na rantse mata zanen kawai nake kallo, na ba ta labarin littafin.

"Oho, 'yar boko. Amurka a bayan gidana."

Ta zauna a bakin inuwar, ba ta shigo ba. Ta ce kakarta ta sayar wa fatake fura a kan falalen nan tun kafin zuwan Turawa, suna sauke jakuna da kanwa za su Gwanja sayen goro. Su ma tarar da zanen suka yi, ba su san mai shi ba, kuma madugu ba ya bari a ɗaure jaki a ƙarƙashinsa.

"Mazan da suka ratsa dajin 'yan fashi sun kauce wa wurin nan. Ke kin fi su zuciya ne?"

"Ai ina karanta Ayatul Kursiyyu kafin in shiga, Inna."

"Tun da babu kowa a ciki, wa kike karanta wa?"



Da yamma na kai mata tuwon dawa da miyar kuɓewa. Ta buɗe, ta daɗe tana dubawa.

"Zauna. Sa hannu."

Kunya ta kama ni, amma na yi bismilla na ci. Ta zuba wa maƙogwarona ido har na haɗiye, ta ɗan jira, sannan ta jawo kwanon gabanta. Haka muka riƙa yi har lokacin kaka ya wuce, ni in fara, ita ta biyo. Shanya kuma ta ce daga yau a tsakar gida, inda idonta ke kai.