Malam Bala da Kwatar Cikinsa

Shekara talatin Malam Bala yana yasar kwata a Rafin Guza, tun zuwansa daga Katsina da shebur ɗaya. A ganinsa, babu wawa kamar wanda kwata za ta toshe masa ya yi ta antaya mata ruwa. "A buɗe hanya tukuna," haka yake gaya wa duk maigidan da ya kira shi, har da wanda bai tambaya ba.

Bara idanunsa suka yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ƙaiƙayi ya hana shi sakat. Nan take unguwarmu ta cika da likitoci. Mai faci ya ce shawara ce. Direban tifa ya rantse cewa mai shawara in aka yi masa allura sai dai gawarsa. Kowa ya kawo jiƙonsa, Malam Bala kuwa mutum ne mai kara, bai mayar da na kowa ba. Cikin wata guda ya ga bayan jarka biyu, ya rame har wando ya daina zama masa.

Matarsa Zuwaira ce ta ja shi asibiti. Likita Firdausi ta nuna masa hoton cikinsa, ta ce ciwon daji ne ya danne hanyar da ruwan maɗaciya ke bi. Za su zura tiyo mai kyamara ta bakinsa, su kafa ɗan bututun roba a wurin. Ta ce wannan ba zai warkar da dajin ba, amma in aka bar hanyar a toshe, zazzaɓi zai iya kashe shi cikin kwanaki.

"Da allura a ciki?"

"Akwai, Baba."

Ya fara laluben takalmansa.

"Malam, zauna," in ji Zuwaira. "Wata guda kana antaya wa kwata ruwa. Da a gidan wani ne, da ka zage shi tas."

Ya gaya mini ya daɗe yana kallon hoton nan. Sai ya tambayi likita kaurin bututun, da ta ina zai zubar. Da ta amsa, ya ce ashe yarinyar ta san aiki.

Bayan sati biyu idanu suka fara washewa, ƙaiƙayi ya lafa. Direban tifa ya ce jiƙonsa ne ya kama daga baya.

Likita ta ce bututun kan toshe bayan kamar wata uku, sai a sauya. Malam Bala ya ce wannan ko ba a gaya masa ba, ya san halin roba. Ranar da aka ba shi ya dawo a sauya, tun ba a buɗe ofis ba yana kan benci da katinsa. A iya sanina, shi ne mutum na farko a Rafin Guza da ya nemi mai gyara tun ruwa bai shigo ɗaki ba.