Allura a Cikin Salati

A shekarar da allurar ciwon sukari ta yi wuya a Yamai, sai da na kwana uku ina yawon farmasi kafin na samu kwalba ɗaya kusa da kasuwar Petit Marché. Ta Inna ce, mahaifiyata, wadda tata ta ƙare tun shekaranjiya har idonta ya fara dishi-dishi. Maganin kuwa zafi na kashe shi, ga watan Afrilu, ga tsakar rana. Gidanmu na can bayan Gamkalley, ni kuma shefi, shugabana a biro, wato ofishinmu da ke unguwar Plateau, ya ba ni rabin awa kamar yana ba ni sadaka.

Ina tsaye da leda, ƙanƙarar ciki ta zama ruwa, ina ta masifa ni kaɗai, sai wani tsoho mai kawo salati daga garakan Gamkalley, lambunan unguwarmu, ya dube ni. Ya sauke kayansa, zai koma. Na gaya masa abin da ke ciki.

"Ƴata, leda dafa abu take yi," in ji shi. "Miƙo."

Ya cusa kwalbar cikin ganyen da ya rage masa, ya naɗe da buhun algarara, ya jiƙa shi sharkaf, ya ɗaure a bayan moto, babur ɗinsa. Raina ya so ya ƙi. Amma wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama.

Na zaro waya zan nuna masa taswira, ni mai boko. Bai ko kalla ba.

"Wa ke tuya a layinku?"

Na ce wata Bazabarma mai ƙosai, ƙarƙashin bishiyar bedi.

"Gidan ƙofa shuɗiya ne naku, ko na kusa da famfo?"

Na saki baki. Layin da ba shi da suna, wanda masu taksi ke ɓata a cikinsa! Na ce mai ƙofa shuɗiya, ya tada moto ya tafi, ni kuma na koma biro.

Daga baya na ji sau uku ya tsaya a hanya yana sake jiƙa buhun: famfon masallaci, randar wani tela, tulun mai shayi. Shekara da shekaru haka yake isar da salati bai yi yaushi ba. Har yau abin na ba ni mamaki.

Kafin la'asar Inna ta kira ni, muryarta ta dawo.

"Na yi allurar. Sanyi ƙalau ta iso. Amma ke, yaushe biro suka ba ki mota mai firij?"

Sai kawai na fashe da kuka.