Watan da Baba ya gani

Baba shi ne mai ganin wata a unguwarmu ta Dakoro. Duk ƙarshen Sha'aban, da an sallame magariba, mutane kan bi shi bisa tudun rairayin bayan gari, ya miƙa yatsa ya ce, "Ga shi can." Ba sarauta ba ce, ko goro ba a ba shi, amma da wannan aka san shi har Kornaka.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Na ce mu je a duba shi, ya ce lafiyarsa lau. Baba da taurin kai, sai dai a ƙyale shi. Shekarar da wani makiyayi ya riga shi gani, Baba ya koma gida bai taɓa tuwo ba.

Shi ya sa da na je Maradi na shiga rumfar wani mai kayan gwanjo, ina neman madubin hangen nesa. Iri biyu ya fito da su, ƙarami mai ido biyu na ratayawa a wuya, da wani dogo kamar taɓarya mai ƙafa uku. Ya ce ƙaramin ya fi sauƙin riƙo ga tsoho. Ni kuwa sarkin rawar kai, na ce ubana ya fi ƙarfin abin wasan yara. Na saɓo dogon.

Ranar duban wata na iso gida. Na kafa madubin bisa tudu, jama'a sun kewaye mu. Na yi ta fama kafin na kamo jinjirin watan a ciki, sai na ga ashe madubin juya abu yake yi. Watan a kife yake, ƙahoninsa na kallon ƙasa.

Ban kai ga yin magana ba Baba ya sunkuya ya ɗora ido. Ya daɗe. Sannan ya miƙe ya ce da ƙarfi, "Ya tsaya. Ƙahoni sama, kamar kullum."

Aka yi kabbara, ana ta yi masa barka. Ni kuwa wallahi kuka nake son yi, don na san bai ga komai ba.

Da za mu sauko, ya kama hannun rigata, abin da bai taɓa yi ba. Ya bari mutane suka yi gaba, sannan ya ce a hankali, "Na faɗi daidai?"

Na ce, "Daidai, Baba."