Rediyon Hamma Buba a ɗakin amarya

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana, Hamma Buba, amma a watan jiya na ji rashinsa ɗanye, kamar ranar da aka fita da shi daga gidanmu na unguwar Shamaki. 'Yarsa Halima aka aurar, ni goggonta kuma aka ɗora wa jere.

Hamma injiniya ne. Aikinsa gwada kayan lantarki kafin su shiga kasuwa: ko wayarsu za ta jure zafi, ko za su ja mutum, ko za su dagula siginar rediyo. A wurin aiki yana da manyan na'urori, amma cikin dangi da 'yar ƙaramar rediyo yake yawo a aljihu. Duk inda aka yi jere sai ya zo, ya jona caja da fitilun amarya ɗaya bayan ɗaya, ya kara rediyon a jikinsu. In murya ta fita tar, ya wuce. In ta ɓarke da ƙara kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai, sai ya kwance abin ya duba, sau da yawa kuma ya zaro filaya ya datse wayar, don kada wani ya tsinta a bola ya kai wa iyalinsa.

Mata suka sa masa suna Mai Filaya. Da an ji sallamarsa, sai ka ga ana tura caja ƙarƙashin katifa. Ni kaina mun sha yi da shi.

"Hamma, gudummawar mutane ce fa!"

"Wanda ya yi rowar abin da kunne ke kamawa," in ji shi, "ya daɗe da yin rowar abin da ido ba ya gani. Gara a yi fushi da ni da a zo mini jaje."

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga Gombe ta yau. Gidaje sun cika da sola da inbata, ana tallar caja a baro, kowace da tambarin inganci a jiki, tambarin da kowa ke iya bugawa. Araha ba ta ado, mun sani, amma muna saye. Ina jin da bakinsa ya gaji, filayar ma ta dakushe.

Ranar jeren a unguwar Barunde, ana ta guɗa, ni kuwa idona na kan kayan lantarkin ɗakin. Mutumin da ya duba ɗakin 'ya'yan kowa, ga tasa 'yar za ta kwana cikin kayan da babu wanda ya duba. Rediyon Hamma na cikin jakata, na sa mata sabon batir, amma ni malamar firamare ce, ban san ta inda ake farawa ba. Na kunna, na kara nan, na kara can, ban ji komai ba sai waƙa.

Halima ta yaye mayafinta. "Goggo, kawo. Baba ba a wannan zangon yake sa ta ba, matsakaicin zango yake kai ta."

Ashe tana kallonsa duk lokacin da muke yi masa dariya. Ta bi kayan a nutse, kanta a karkace irin nasa. Da ta zo kan wata fitila mai caji, rediyon ta ɓarke. Kowa a ɗakin ya san ni na kawo fitilar. Ta dube ni cikin kunya. Na zare fitilar daga bango, na miƙa mata almakashi. Kafin ta gama datsewa hawaye sun rufe mini ido.

Hamma bai bar gida a GRA ba, babu titin da ke ɗauke da sunansa, kuma gobarar da ba ta tashi ba, ba mai zuwa godiya a kanta. Abin da ya bari kunne ne, kuma na gan shi a jikin 'yarsa. Rediyon ma a can na baro ta, a kan madubinta.

Allah Ya haskaka kabarinka, Hamma. An duba ɗakin Halima.