Rubutun Yaya Bukar a Damtsen 'Yan Shanu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Bukar, kuma ban ji daɗin ko guda a cikinsu ba. Ni direban babbar mota ne, karatuna bai wuce allo da ɗan yaƙi da jahilci ba, don haka kada wani ya nemi daɗin baki a wurina.

Yaya Bukar tela ne a unguwar Yindiski, amma da rubutu Potiskum ta san shi. Waƙoƙi, labaran mutanen da, wasiƙun da suke yi da abokansa na Azare da Gashuwa, duk da ajami. Bai taɓa ɗinke su ba, warwara suke cikin gafaka. Bai bar ɗa ba. Da aka zo rabon gado matarsa ta ɗauki keken ɗinki, takardun kuwa dattawa suka kasa su gida biyu kamar gero: kashi ɗaya nawa, ɗaya na Gambo, wanda ke tsakanina da marigayi a haihuwa.

Nawa na kai Kaduna, ɗakin da ake adana tsofaffin takardu. Suka sa su a kwali, suka rubuta sunansa a jiki. Ma'aikacin ya ce mini kowace waƙa ya ɗauko sai ta yanke a tsakiya, ina sauran? Na dawo na tambayi Gambo, ya ce gara ta cinye. Na yarda, ai ɗan'uwa ne.

Watan jiya na ɗauko shanu zuwa Ikko. A hanya layar wani ɗan rakiyar shanun ta yage, takarda ta faɗo. Ko a kabari na san wannan hannun. Wasiƙa ce, Yaya yana yi wa abokinsa kukan ciwon haƙori. Mutumin ya ce wurin Malam Gambo ya karɓa, wai maganin ƙarfe ne. Ashe duk shekarun nan yanka su yake, ana naɗewa a fata, yana sayar wa 'yan shanu.

Da na dawo na sami Gambo a zaure. Na ce, "Yaya Gambo, ashe garar taka da almakashi take yawo?"

Ko kunya babu. Ya ce, "Kai Direba, takarda ai takarda ce. Waɗanda ka kai Kaduna wa suke ciyarwa, ɓera?"

A nan ne ya gaya mini nasa sun ƙare, har ya shigar da magana gaban alƙali a dawo da na Kaduna, tunda shi ne babba a gida yanzu. Idan ya samu, kwalin nan ba zai ga damina ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yana raye. Na san shi, dariya zai yi har rawaninsa ya kwance, ya tsara waƙa a kan ƙato mai tarar wuƙa da ciwon haƙorin wani. Shi mai yafiya ne. Ni ba ni da wannan halin, kuma ban nema ba. Abin da ya rage na mutumin nan rabin waƙoƙi ne a kwali, sauran suna shan gumi a hammatar mutanen da ba su san sunansa ba. Rabin nan kuwa sai dai bayan raina.

Ban je wurin alƙali ba, bakina ba zai ja da na Gambo ba. Washegari Laraba ce, ranar kasuwa. Da safe na sayi sabuwar reza, na shimfiɗa tabarma a bakin kara, kasuwar shanu, daidai inda Gambo yake zama da layunsa, na ce duk mai layarsa ya kawo in buɗe in karanta masa kyauta. Kafin hantsi mutum sun yi layi, kowa da sandarsa, waɗanda na riga na karanta wa nasu suna tambaya wace hanya Malam Gambo yake biyowa.