Kafin Hannun Ya Bushe

Lokacin ina mataimakiyar malama a wata firamare a garin Clinton na Amurka, ban daɗe da zuwa daga Kaduna ba. A ajinmu akwai wata yarinya mai son a aike ta. Mahaifiyarta ta sha giya tana ɗauke da cikinta, abin ya taɓa ƙwaƙwalwar yarinyar, amma ba ka gani a fuska. Ran nan malamar aji ta ce ta kai takarda ofis, ta biya ɗakin karatu, ta dawo. Ta maimaita saƙon tsaf. A bakin titi na same ta, motoci na ta wucewa, ita tana kallon wani kare.

Aka daina aikenta. Shugaban makaranta ya fara maganar a mayar da ita wata makarantar.

Sai aka turo mana wata dattijuwa mai koya wa malamai yadda za su tafi da irin waɗannan yara. Na ɗauka laifi ta zo nema. Ta zauna a kujerar yara ta bayyana mana cewa yarinyar na iya maimaita magana ba tare da ta riƙe ta ba, kuma "anjima" ba ta da ma'ana a wurinta, sai abin da ta gani ko ta ji a jikinta. Saƙo ɗaya, hanya ɗaya kullum.

Ta tambaye ni yadda ake aiken yara a garinmu. Da kunya na ce kakata takan tofa yawu a ƙasa, ta ce a dawo kafin ya bushe.

"To wanda ya tafi, yaya yake ganin yawun?"

Ban taɓa tunanin haka ba. Muka yi ta dariya, muka kuma tsayar da shawara: a jiƙa bayan hannun yarinyar da ruwa, a ce ta dawo kafin ya bushe. Kwanaki muna raka ta ofis muna dawowa.

Ranar da za ta tafi ita kaɗai, na yunƙura zan bi bayanta. Dattijuwar ta riƙe mini gefen mayafi.

"Tsaya nan, 'yata. Daga ƙofa ma kina hango ta."

Yarinyar ta dawo hannu sharkaf. Ashe ta tsaya a famfo ta ƙara masa ruwa don kada ta makara. Wa ya koya mata wannan dabarar, ban sani ba. Shugaban makaranta bai sake tayar da maganar ba.